Me Ya Fara Faruwa? Yadda Waƙar Yara Ke Koya Musu Jera Labari

(Rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda ba su samu damar saurare ba)

 

Na san kun saba ji na ina maganar katin zaɓe, ko rashin aikin yi, ko shaye-shaye a unguwanni. To yau ƙasa za mu sauko, mu zauna a tabarma da 'yan shekara uku zuwa biyar. Don Allah kada wani ya ce ai wannan zancen iyaye ne ya wuce. Ni da nake maganar nan ko auren fari ban yi ba. Ku dai ba ni aron kunnuwanku, ku ji abin da ya jawo.

Watannin baya ɗan yayata, mai shekara biyu, ya faɗi a tsakar gida. Yaya tana madafi lokacin, ba ta ga komai ba, kuka kawai ta ji. Wadda ta gani da idonta ita ce yayarsa, 'yar shekara huɗu da 'yan watanni. Muka ɗauke shi sai asibiti, ita ma yarinyar muka tafi da ita don babu wanda za a bar wa. Da muka isa, nas ta yi mana tambaya ɗaya: "Faɗuwa ya fara yi sannan ya yi amai, ko kuwa aman ya fara sannan ya faɗi?" Ta ce amsar tana da muhimmanci, domin aman da ya biyo bayan buguwar kai alama ce da ba sa wasa da ita. In kuwa da ma yana amai ne jiri ya kayar da shi, to wani wajen za su fara dubawa.

Yaya ta dube ni, na dube ta. Sai na durƙusa gaban yarinyar na ce, "Faɗa wa Kawu, me ya faru?" Ta ce: "Ya yi kuka. Amai. Turmi. Ya hau. Mama ta zo." Na sake tambaya, ta sake jero su, amma wannan karon da turmin ta fara. Komai yana cikin kanta, ko ɗaya ba ta manta ba. Abin da ta kasa shi ne ta ce wannan ne farko, wannan ya biyo baya.

Alhamdu lillahi, an kwantar da shi kwana ɗaya aka sa masa ido, aka sallame mu lafiya. Amma ni abin bai bar raina ba. Domin yarinyar nan, sati biyu kafin ranar, ita ce ta tsaya a bikin makarantarsu ta rera waƙoƙin Turanci har guda uku ba tuntuɓe. Muka yi ta tafi. Ni da kaina na ɗauki bidiyo na ɗora a waya, ina cewa ga 'yar baiwa.

Da muka dawo gida sai na gwada ta. Ɗaya daga cikin waƙoƙin ita ce Hamti Damti, wadda kusan kowace makarantar nazare ke koyarwa. Waƙar layi huɗu ce kacal, kuma labari ne cikakke: wani ya hau katanga ya zauna, ya faɗo, mutanen sarki suka zo suka kasa gyara shi. Na ce ta rera, ta rera tsaf. Na ce, "To me ya sami mutumin?" Ta ce, "Wane mutum?" Wallahi jama'a ba ta ma san akwai mutum a ciki ba. Sauti ne ta haddace, kamar yadda za ka haddace kiɗan da waya ke yi in an kira ka.

To wannan shi ne batunmu na yau: jera labari. Wato yaro ya iya cewa da farko kaza ya faru, sai kaza, daga nan kaza, daga ƙarshe kaza. Ka ji shi kamar ƙaramin abu ko? Amma ka duba. Ba ka fahimtar dalili sai ka san jeri, domin sanadi shi ke gaba, sakamako ya biyo. Lissafin da ake yi mataki-mataki jeri ne. Bin umarnin malam, "ɗauko littafi, buɗe shafi kaza, ja layi," jeri ne. Girki jeri ne. Alwala jeri ce. Kuma yaron da wani ya cuta a hanya ko a maƙwabta, in bai iya faɗin abin da ya faru bi da bi ba, manya sai su ce shirme yake yi, magana ta mutu a nan. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu ɗauki abin da gaske.

A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa, ciki har da UNICEF da UNESCO, sun fitar da ƙiyasin cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara kuwa ƙiyasin ya kai kashi 89. Ku lura da kalmar "su fahimce shi". Wasu ba su iya haɗa baƙi ba sam. Wasu kuma suna furta kalmomin, amma ka rufe littafin ka ce me aka ce, sai ido. Irin abin da ya sami 'yar yayata ke nan, sai dai ita a waƙa. Kuma tun kafin a shiga aji ɗaya ake gina wannan ko a rasa shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da kayan aikin a gida. Ku tuna tatsuniya. Kaka ta ce "ga ta nan ga ta nanku", kun san an buɗe. Ta ce "ƙurunƙus", kun san an rufe. Tun nan yaro ya koyi cewa labari yana da kai yana da wutsiya. Tsakaninsu kuma me ke jan zaren? Kalmar "sai". Sai Gizo ya tashi, sai ya tarar da Ƙoƙi, sai suka tafi. Ku ma lura da wani abu a harshenmu: in kana ba da rahoto cewa za ka yi "sun tafi", amma in labari kake jerawa sai ka ce "sai suka tafi". Hausa da kanta ta ware siga ta musamman don abin da ya biyo bayan wani abu. Babu wanda ya koya mana wannan a allo. A gindin kaka muka tsince shi.

Haka waƙoƙin wasa da na gaɗa. Da yawansu bayarwa ne da amshi, wata ta jefa tambaya sauran su amsa, amsar ta haifi wata tambayar. Wanda ya yi wasan Ɗan Maliyo ya san abin da nake nufi. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irin waɗannan a littattafansa guda 6 masu suna Tatsuniyoyi da Wasanni tun farkon shekarun 1970, iyayenmu da yawa sun karanta su a firamare. Yau dandali ya mutu a yawancin unguwannin birni. Bayan magariba yaro yana riƙe da wayar uwarsa, bidiyon daƙiƙa talatin na bin wani bidiyon daƙiƙa talatin, babu wanda ya haɗa su da juna.

Me ya sa na ce waƙa, ban ce tatsuniya kawai ba? Saboda ɗan shekara uku tatsuniya ta yi masa tsawo, kafin a kai tsakiya ya manta farko. Waƙa kuwa gajera ce, ana maimaita ta, kuma karin sautinta yana riƙe wa yaro jerin. In ya tsallake layi, kunnensa ne zai gaya masa akwai giɓi. A Ingila, a 1987, wasu masu bincike uku na Jami'ar Oxford, Morag Maclean da Peter Bryant da Lynette Bradley, sun nuna cewa 'yan shekara uku da suka fi sanin waƙoƙin yara sun fi iya gane sautukan da suka yi kama a cikin kalmomi, kuma hakan yana da alaƙa da koyon karatunsu daga baya. To amma fa waɗannan yara da harshen gidansu suke waƙar. Sun san abin da take cewa.

Bari in gaya muku abin da muka yi, ni da abokaina uku, a zauren gidanmu ranakun Asabar, da yaran layinmu su goma sha ɗaya. Ba ƙungiya ba ce, babu tallafin kowa. Tabarma ce da kwalin taliya da biro.

Da farko na nemi waƙar da ke da labari a ciki, wadda kuma yaran sun san abin da take magana a kai. Da ban samu wadda ta yi mini daidai ba, sai na ƙaga tawa. Kada ku yi mini dariya, ni ba mawaƙi ba ne. Ta ƙosai ce. Ni ke bayarwa, su kuma amshinsu shi ne "Sai kuma me?"

Inna ta jiƙa wake,
Ta surfa ta wanke tas,
Ta ba ni na kai markaɗe,
Ta buga da ludayi,
Ta soya a mai ya yi ja,
Na ci biyu, na ɓoye guda.

Shi ke nan waƙar. Kowane layi yana da motsinsa: a tsoma hannu kamar ana jiƙawa, a murza tafin hannu, a ɗora hannu a ka kamar an ɗauki roba, a juya hannu da sauri, a yi "cuuu" na mai, a kai hannu baki sannan a ɓoye a bayan riga. Wannan layin na ƙarshe shi suka fi so.

Mataki na ɗaya, rerawa kawai. Asabar biyu ba mu tambaye su komai ba, waƙa da motsi da dariya. Kada ka yi gaggawar mayar da abin jarrabawa.

Mataki na biyu, tsayawa. Ina cikin waƙa sai in yi shiru bayan sun ce "Sai kuma me?", in yi kamar na manta. Nan za ka ga suna rige-rigen tuna maka.

Mataki na uku, kaya a hannu. A nan ne na tafka kuskure, gara in faɗa muku don kada ku maimaita. Na yanka kwali shida, na zana kowane layi a guda, na zube musu na ce su jera. 'Yan shekara uku suka dube ni kawai. Ɗaya ya sa nasa a baki, biyu suka hau kokawa a kan mai hoton ƙosai. Sai mahaifiyata, da ke jin mu daga tsakar gida, ta leƙo ta ce, "Kai da digirinka, wa ya ce maka ana ba yaro loma shida a lokaci guda?" Ta koma ciki ta ɗauko abu uku: tafin wake, ludayi, da ƙosai guda ɗaya. Ta ajiye gaban 'yar yayata ta ce, "Ke kishiya, wanne ne farko?" Yarinya ta ɗauki wake. "Wanne ne ƙarshe?" Ta ɗauki ƙosai, ta kuma cinye shi. Daga ranar muka gane: ƙanana a ba su abu uku, farko da tsakiya da ƙarshe, kuma abin da za su taɓa ya fi zane. 'Yan huɗu zuwa biyar su ne za a ƙara musu zuwa huɗu, biyar, har shida, a hankali.

Mataki na huɗu, ɓata waƙar da gangan. Sai in fara da "Ta soya a mai ya yi ja", sannan in ce "Inna ta jiƙa wake". Zaure ya kaure: "A'a Kawu! Ba haka ba ne!" Sai in ce, "To me ya sa ba haka ba ne?" Wani yaro ɗan shekara biyar ya ce, "Ai in ba a markaɗa ba, wake za a soya, ba ƙosai ba." Kun ji fa. Wannan yaron ya wuce hadda, ya shiga dalili. Duk wahalar da muke yi, wannan jumlar muke nema.

Mataki na biyar, a ajiye waƙar a faɗi labarin da baki. A nan muke ba su kalmomi huɗu: da farko, sai, daga nan, daga ƙarshe. Muna ƙirga su a yatsu. In yaro ya tsaya, kada ka ƙarasa masa. Ka ce "sai kuma me?" ka jira. Jiran nan yana da wuya, mu manya bakinmu ƙaiƙayi yake yi, amma shi ne aikin.

Mataki na shida, a fita daga ƙosai a shiga rayuwarsa. "Da ka tashi yau da safe, me ka fara yi? Sai kuma me?" "Da kuka je gidan Gwaggo, me ya fara faruwa?" In yaro ya iya jera waƙa amma bai iya jera wuninsa ba, ba a gama ba tukuna.

Duk wannan bai wuce minti goma zuwa sha biyar. In ka ga sun fara kallon ƙofa, ka sallame su. Kuma ba dole sai ƙosai ba. Ɗan ƙauye ka yi masa ta gero: shuka, noma, girbi, sussuka, surfe, daka, fura. Ɗan gidan tela ka yi masa ta riga: awo, yanka, ɗinki, guga. Abin da yaro ke gani kullum shi ya fi saurin kamawa. Sai dai a kula, ba kowace waƙa ce ke da labari ba, wasu don daɗin sauti kawai aka yi su, waɗannan a bar su a matsayinsu. Wasu waƙoƙin gaɗa kuma zancen aure da kishi ne, na 'yan mata ne da suka tasa, a tace kafin a kawo wa ƙanana.

Yanzu na san abin da wasu iyaye za su ce, don Yaya ma ta faɗa mini: "Mu fa don Turanci muke biyan kuɗin makarantar nan." Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan buri. Da Turanci na rubuta jarrabawata, da shi nake neman aiki. Ba cewa na yi a daina waƙar Turanci ba. Cewa na yi kada a bar yaro yana rera abin da bai san ma'anarsa ba. Mun koma kan Hamti Damti ɗin nan da kanta. Na ba su labarin da Hausa, muka zana hoto uku: yana kan katanga, yana faɗowa, mutanen sarki sun kewaye shi. Suka jera. Sannan muka rera da Turanci, kowane layi ana nuna hotonsa. A ranar 'yar yayata ta san kalmar katanga da kalmar faɗuwa a Turanci, sani na gaske, bayan ta shafe wata da watanni tana furta su.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma ana koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya a Turanci ba. Abin da yaro ya fahimta da harshen uwarsa ba ya ɓacewa in ya koyi wani harshe, tafiya yake yi da shi.

Malaman nazare kuma, su Anti da ke fama da yaranmu, ba laifinku nake gani ba. Na shiga wani aji na ƙirga yara 43, malama ɗaya, ga albashin da ba ya kai wa tsakiyar wata. Kuma ku ma abin da iyaye ke tafa wa a ranar biki shi kuke bayarwa. Roƙona ɗaya ne: duk waƙar da kuka koyar, ku ƙara mata tambaya uku da harshen da yaran ke ji. Me ya fara faruwa? Sai kuma me? Yaya aka ƙare? Ko sisi ba za ta ci ba. Mu kuma iyaye da kawunnai, ranar biki in yaro ya gama rerawa, bayan tafi mu tambaye shi me waƙar ta ce.

Sai ku 'yan'uwana matasa, musamman mu da muka gama makaranta muna zaman jiran aiki. Muna yawan cewa gwamnati ta gaza a harkar ilimi, kuma ba ƙarya muke yi ba, za mu ci gaba da faɗa. Tun 2013 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, ku je makarantar gwamnati ta unguwarku ku ga ko ajin yana nan, da abin da ke cikinsa, ku tambayi shugaban makaranta, ku tambayi kansila. Amma ƙaninka mai shekara huɗu ba zai tsaya yana huɗu ba har a gyara kasafin kuɗi. Baɗi ya shiga aji ɗaya, da abin da ya samu ko da babu.

Don haka ga aikin wannan mako, guda biyu. Na ɗaya, ka samu yaro ɗaya a gidanku, waƙa ɗaya, abu uku da zai taɓa, minti goma. Na biyu, in kana da kaka ko wata tsohuwa a gida, ka zauna kusa da ita ka ce ta rera maka waƙoƙin da suka yi suna yara, ka nemi izininta ka naɗa a waya. Za ta ce ta manta. Ka yi haƙuri ka jira, za su dawo mata ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in rufe, wasu za su so su ji yadda aka ƙare da 'yar yayata. Makon jiya na dawo gida na tarar an fasa mini kofin shayi. Na ce wa ya yi? Ta matso, ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce, "Kawu, da farko kai ka ajiye shi a bakin tabarma. Sai kaza ta shigo. Daga nan na kore ta. Daga ƙarshe ta taka shi ya faɗi." Na ce to laifin wa ke nan? Ta ce, "Na wanda ya ajiye."

Ban da ta cewa. Na share fasassun na zubar.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya gwada, ya aiko mana da yadda ta kaya, ko ta yi daɗi ko an cinye masa kwali, za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana yaranmu, ya ba marasa lafiya lafiya.